Ƙoƙo na Biyu

Montevideo, 2 ga Yuni, 1991

Ƙanena Heber,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da matarka da yara kuna lafiya a Ostireliyarku. Mu ma nan lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ran Talata Mama ta sake mance tukunya a kan wuta, labulen kicin ya kama. Da na yi magana sai ta wurgo mini ludayi, ta ce da kai ne a gida da ba wanda zai yi mata tsawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi mata wanka, ina yanke mata farce, ina jin sunanka safe da yamma. Ni ma fa na kai hamsin da biyu, gwiwata har ƙara take yi kamar ƙofar banɗaki. Na gaji, Heber. Na gaji har cikin ƙashi.

Na je na ga gidan tsofaffin nan da ka faɗa, na La Paloma. Tsohon otal ne, tagoginsa na kallon teku. Sun ce za a samu gado a tsakiyar Yuli, mai shi ta kusa cikawa. Na ɗauki shawararka: zan ce mata hutun kwana uku za mu je, mu sha iska, mu ci kifi. Ka san ta da son a ce ta je bakin teku, ko da sanyin hunturunmu na Yuli zai kashe ta. Rana ta uku in baro ta can.

Amma ba zan ɗauki wannan kaya ni kaɗai ba. Ka rubuto da hannunka cewa ka yarda. Kada ka bugo waya, maganar waya iska ce.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarka,
Zulma

Sydney, 17 ga Yuni

Yaya Zulma,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da jinjina. Allah kaɗai zai biya ki abin da kike yi.

Na yarda ɗari bisa ɗari, ai ni na kawo shawarar. Can ne wurin Mama, tun bara ma ya kamata a kai ta. Kada ki karaya a rana ta uku, kin san ta iya kuka in ta ga dama. Ki ajiye akwatin, ki ce za ki sayo jarida, ki hau bas abinki.

Abu ɗaya nake roƙo, kada sunana ya fito. Zuciyarta ba ƙarfi, gara a bar ta da ɗa guda da take ganin bai ci amanarta ba. Don ita nake faɗa, ba don kaina ba.

Ki tafi mata da ganyen shayin mate mai yawa, irin wanda take so, kada ya yanke mata a can.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Heber

Montevideo, 18 ga Yuli

Heber,

Ina gaisuwa. An gama. Ka zauna ka karanta, tunda ba ka tsaya ka gani ba.

Garin babu kowa, gidaje duk a garƙame, sai karnuka da iska. Kuma Mama ta zama wata mata daban. Ta riƙe mini hannu a kan yashi. Da iska ta ɗauke mini hula ta yi dariya har da tari. A shagon kifi ɗaya tilo da ke buɗe kusa da jiragen masunta ta ture mini rabin nata, ta ce, “Ci, kin rame.” Ni, Heber. Sai da na waiga in ga ko da wani take.

Ka tuna yadda take zuba mate a gidanmu. Ƙoƙon ganye ɗaya, bututun tsotso ɗaya, ana ƙara ruwan zafi daga hannu zuwa hannu. Na farko mai ɗaci nata ne, mai zubawa ke shanye shi. Na biyu, mai kumfa mai zafi, naka ne. Ni kuwa sai ƙoƙon ya zagaya Baba da maƙwabta, ganyen ya wanke ya zama lami, sannan a miƙo mini. Ko bayan ka tafi ba ta taɓa ba ni na biyun nan ba. Shanye abinta take yi ta ce, “Wannan na Heber ne.”

Safiyar rana ta uku muna zaune a benci ƙarƙashin hasumiyar fitilar jirage, ta karɓe flas daga hammatata. Ta zuba na farko ta shanye. Ta cika na biyu ta miƙo mini, bututun na kallona.

“Karɓi,” in ji ta.

Na sha. Ban san mate na da daɗi haka ba. Hawaye suka zubo mini, na ce a raina, Zulma, ke tsinanniya ce, ɗauki uwarki ku koma gida. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

“Kilo biyar, Zulma. Kilo biyar na ganye a ƙasan akwati don kwana uku. Tun daren farko na gani. Ko ƙarya ba ki iya ba.”

Na ce, “Mama, ki yafe mini, mu koma gida.”

“A'a. Tashi ki kai ni. So nake ki kai ni da ƙafarki, da ɗanɗanon nan a bakinki.”

Ƙaryar jaridarka ma ban buƙace ta ba. A bakin ƙofa ta dubi matar da ke kula da gidan ta ce, “Wannan mai aikina ce, ta gama, a sallame ta.” Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, tun daga La Paloma har gida, wani yaro a bas yana ta kallona.

Gidan shiru yanzu, abin da na roƙa ke nan. Kwana uku ban iya dafa ruwan mate ba.

Ka zauna lafiya.

Zulma

La Paloma, 21 ga Yuli

Zuwa ga ɗana abin ƙaunata, Heber,

Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka.

Ina sanar da kai cewa yayarka ta zubar da ni. Ta yaudare ni da hutu, ta ajiye ni a gidan jiran mutuwa, a kan gadon wata da ko katifar ba ta gama hucewa ba. Ban yi mamaki ba. Tun tana cikin zanin goyo na san ba ta da zuciya, kamar dangin ubanku. Amma na sallame ta da abin da zai tsaya mata a maƙogwaro har kabari, kada ka damu.

Abinci ba laifi. Abin da ba zan jure ba ɗaya ne. Likitan nan ya hana a zagaya da ƙoƙo, wai saboda tari. Kowa da nasa, an rubuta sunansa a gindin ƙoƙon. Ƙarfe huɗu za ka gan mu a jere a gaban taga, tsofaffi goma sha tara, kowa na tsotson nasa kamar jarirai. Jiya na miƙa wa wani tsohon masunci, Don Eleuterio, ya ɗaga hannu zai karɓa, ma'aikaciya ta buge masa hannu. A gabana, Heber. Shekara saba'in ina zuba wa mutane, yau na cika na biyu na rasa wanda zan ba.

Na san da ka ji labari da ba ka bari ba. Ka zo ka ɗauke ni. Ba na cin abinci da yawa, kuma ba zan sa wa matarka ido ba. Kai kaɗai na haifa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Elbia

Sydney, 6 ga Agusta

Yaya Zulma,

Ina gaisuwa. Ga wasiƙar Mama na haɗo miki, ki gani da idonki halin da kika sa ta. Na kasa cin abinci da na karanta.

Na ba ta amsa cewa abin ya girgiza ni, ban san komai ba. Kin gane ai, yadda muka yi. Amma gaskiya, Yaya, kin yi garaje. Kilo biyar? Cewa na yi mai yawa, ban ce ki kwashe shago ba. Kuma tunda ta gane, me ya hana ki lallaɓa ta? Ke dama tun muna yara ba ki iya tafiyar da ita ba.

Bana ba zan samu zuwa ba, aiki ya yi yawa. Ki riƙa leƙa ta.

Naki,
Heber

Montevideo, 20 ga Agusta

Mama,

Ina gaishe ki. Na ga abin da kika rubuta wa ɗan da kika haifa, shi ya aiko mini.

A cikin ambulan nan akwai wasiƙarsa ta sha bakwai ga Yuni. Ki sa tabarau, ki zauna kusa da taga, ki karanta a hankali. Ki lura da wanda ya ce a sayi ganyen.

Ki huta lafiya.

Mai aikinki,
Zulma

La Paloma, 25 ga Agusta

Zulma,

Na amsa gaisuwa. Na karanta, sau biyu. Har yanzu rubutunsa ya fi naki kyau.

Ki zo ran Lahadi da bas ɗin safe. A wajen ƙofa dokar likita ba ta aiki, kuma bencin yana nan. Ba kewarki nake yi ba, mate ne ba a shan sa mutum ɗaya.

Kada ki kawo ganye. Akwai saura da yawa.

Elbia