Hatimi a Kife

Tokyo, 4 ga Maris

Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Shinkafar da kika aiko ta iso, na gode.

Yaya, an taɓo ni. Shekara ashirin da shida ina rubuta duk abin da aka faɗa a majalisa, ban taɓa yar da kalma ba. Ranar Talata kwamiti ya zauna kan tallafin da za a ba wata ƙasar waje da darajar kuɗinta ta faɗi warwas. 'Yar majalisa Kuramochi, tsohuwar nan mai baki kamar reza, ta matsa wa jami'in gwamnati lamba har ya yi suɓutar baki, ya ce ai kuɗin sun tafi tun watan jiya, ba a jira ƙuri'ar kowa ba. Ciyaman ya daka tsawa a ɗaga alƙalami. Na ɗaga, amma maganar ta riga ta hau takarda.

Yau shugabana Inagaki ya kira ni, har da zuba mini shayi. Ya ce, “Toyoko, kunne fa ya tsufa. An tsayar da rubutu kafin mutumin ya buɗe baki, ko?” Na ce, “Ranka ya daɗe, kunnen nan yanzu haka yana jin kukan cikinka.” Sai ya tuna mini akwai gurbi a ɗakin ajiyar takardu na ƙarƙashin ƙasa, marar taga.

Ban ƙi a taimaki mutanen can ba, suna shan wuya. Amma a tambayi masu kuɗin mana!

Ƙanwarki,
Toyoko

19 ga Maris

Yaya,

Ina fata kina lafiya, ke da yara.

Sun goge layin, suka kawo mini shafin in buga hatimi. Kin san yadda muke karkata shi kaɗan, kamar yana rusuna wa na shugaba. Ni na buga nawa a kife, alamar ban yarda ba. Inagaki ya ce, “Hannunki ya yi rawa, sake bugawa.” Na ce masa hannuna lafiya lau.

Kuramochi tana ganin hatimin ta miƙe ta ce a kawo rubutuna na asali. Aka karanta shi a gaban kowa. Yanzu an kira minista ya zo ya yi bayani da bakinsa.

Ni kuwa ina ƙarƙashin ƙasa tun Litinin. Na yi kuka rana ɗaya, ba zan ɓoye miki ba, amma ban yi da-na-sani ba. Ki saƙa mini safa mai kauri, Yaya, ɗakin da sanyi.

Taki har kullum,
Toyoko