Duwatsu Tara na Bayan Gona

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, yaya iyali? Ni lafiya lau, har yanzu ina gadin ƙofar sito. Idon hagu ne ya ɗan yi hazo, amma na dama yana aikin biyu. Kada ka faɗa a gida. Direbanmu ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara mini magana.

Jiya ya nuna mini hoto a wayarsa. Wai ƙungiyar masu tonon kayan tarihi ta gano harsashin ginin mutanen dauri a bayan gonarmu, za a fara haƙa ranar Asabar. Na ga an zagaye duwatsu tara da igiya. Ni na jera su da hannuna, kai kana ƙarami. 'Yata ta fari ce a ƙarƙashinsu.

Ka je wurin shugabarsu, mai gilashin nan da ta taɓa rubuta sunayen kakanninmu daga bakina. Mutuniyar kirki ce, sai dai ta fi yarda da awo a kan maganar tsoho. Ka ce mata abin da suke nema yana gabas da tsohuwar rijiya, taku talatin, inda garma ke tono kashin maƙera, dattin narkakken ƙarfen nan.

In ta ƙi, ka shimfiɗa tabarma kusa da duwatsun ka zauna, ina nan tafe. Ka ce musu wannan ba ta kai shekara dubu ba. Wata bakwai kacal ta yi a duniya.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka