Wa Zai Tsaya wa Auta?

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Mai kawo miki wannan takarda ɗana Auta ne da kansa. Don Allah ki riƙe min shi na ɗan lokaci. An dakatar da shi daga makaranta, kuma ni na sa hannu.

Ranar Talata ana tsakiyar darasi, shi da abokansa biyu suka haura katanga ta bayan ɗakin gwaje-gwaje suka fice. Maigadi ya kama su suna dawowa. Kin san ni ne shugaban kwamitin ladabtarwa. Aka shigo min da su ofis, malamai sun cika ƙofa, kowa ya zuba ido ya ga yadda zan yi da nawa. Na yi masa abin da nake yi wa ɗan kowa. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Dokar makarantarmu ita ce, yaron da aka dakatar ba ya komawa aji sai mahaifinsa ya zo ya tsaya gaban kwamiti, ya ba da haƙuri, ya ɗauki alkawari a kansa. Iyayen waɗancan biyun za su zo. Nawa kuwa ban ga yadda za a yi ba. Ba zan sauka daga kujera in zagaya tebur in roƙi malaman da ni na koya wa aiki ba. Gobe da wane ido zan kalli ɗalibi?

Damuwar ita ce ƙarshen watan nan ake rufe rajistar jarrabawar fita, kuma ba a yi wa wanda ke kan dakatarwa. Ya san haka sarai kafin ya haura. Tun ranar bai ce min uffan ba, ni ma ban ce masa ba, gidan ya yi mana ƙunci mu biyu. Ki sa shi aiki a shagonki, kada ki lallaɓa shi.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanenki.

Zuwa ga ƙanena, Malam mai doka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ma tana gaishe ka. Auta ya iso. Yaro ya rame kamar an wanke shi an matse, ban san me kuke ci a gidan nan ba in ba alli ba.

Na karanta takardarka daga sama har ƙasa ina neman inda ka tambaye shi abin da ya fitar da shi, ban gani ba. Wai ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Sannu da ƙoƙari, alƙali! Ka rage mana. 'Ya'yan mutane suna da uban da zai zo ya tsaya musu, kai ka ɗauke nasa ka ɗora a kan kujera. Uwarsa na ƙasa. To wa zai tsaya masa? In gwaggo tana yi, gobe zan hau mota da gwiwar tawa.

Ni na goya ka, don haka zan faɗa maka abin da malaman nan ke tsoron faɗa. Da ba haka kake ba. Na tuna lokacin da ɗalibai ke cika maka tsakar gida da yamma, marigayiya tana mita ta rasa inda za ta shanya wanki. Yaro ya yi laifi, kai ne mai shiga tsakaninsa da bulala. Tun da Babba, ɗanka na fari, ya bi 'yan shaye-shaye ya bar gida, ka zama wani mutum daban. Ka kwashi baƙin cikinka kana shiga aji da shi kana sauke wa 'ya'yan mutane. Ga shi yanzu abin ya zagayo kan ɗayan da ya rage maka.

Na sa shi aikin kamar yadda ka umarta, ranka ya daɗe. Yana dasa maɓalli, yana guga, hannunsa da kyau. In na tsokane shi sai ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya. Jakar littattafansa na nan bayan ƙofa inda ya ajiye ta ranar da ya zo, ko buɗe ta bai yi ba. Wallahi tausayinsa nake ji, kai kuma haushinka nake ji.

Ka sauka daga kujerar nan, ba a kanta aka haife ka ba. Ka huta lafiya.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na samu saƙonki, na gode da wankin da kika yi min. Ina gaida kowa.

Gwaggo ba ta yi. Doka ta ce mahaifi, matuƙar yana raye. Ni na rubuta wannan layin da hannuna shekarar da Babba ya tafi, don na gaji da ganin maza suna turo mata su kuma su ɓuya.

Kin ce na canza, ban musa ba. Amma ke yadi kike gani kullum, ni yara nake gani. In na shiga aji na tarar da yaro ya kifa kai a benci, ba gajiya nake gani ba, farkon Babba nake gani. In biyu suna raɗa a layin baya sai gabana ya faɗi. Na lallaɓa Babba, Yaya, ke shaida ce. Ya fara dawowa da jan ido, na ce ƙuruciya ce. Kaya suka fara ɓacewa a ɗaki, na rufa masa asiri. Uwarsa ta yi jinyarta kunnenta na ƙofa, ko iska ta taɓa ƙyaure sai ta ɗago kai, har ta cika bai dawo ba. A gaban gawarta na rantse ba yaron da zai sake lalacewa a hannuna don na yi sanyi.

Iyayen abokan nasa sun zo. Ɗaya ko kayan aiki bai cire ba. Ya tsaya gabana ya ce, "Malam, yaro nawa ne, laifinsa ma nawa ne, a yi mana haƙuri." Da aka gama na leƙa ta taga, na ga ya dungure wa ɗan kai, sannan ya karɓi jakarsa ya rataya suka tafi. Ƙyashi na ji.

Shugaban makaranta ya kira ni gefe ya ce, "Malam, ka ba mataimakinka kujerar nan na ɗan lokaci mana, a rufe maganar." Na ce a'a. In na tsaya a can, duk yaron da na taɓa kora zai ce ashe na san zafin abin.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Na daina son su. Ina jin ƙararrawa raina ke ɓaci. Suna ganina suke watsewa, ni kuma tsoronsu nake ji fiye da yadda suke jin nawa. Na rasa inda zan sa kaina.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki.

Ƙanena,

Salamu alaikum. Yau ba doguwar gaisuwa, ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Jiya da hantsi wuta ta ɗauke, keken ɗinki ya tsaya, muna zaune ni da Auta a shago. Sai ya ce, "Gwaggo, na ga Yaya."

Na ce, "Wane Yaya?"

Ya ce, "Yaya Babba."

Abokinsa ne ya hango Babba a bayan tashar mota, yana kwana ƙarƙashin wata matacciyar bas, ƙafa ba takalmi. Ana tashi daga makaranta kai ke tasa Auta a gaba har gida ka rufe ƙofa, don haka ba shi da lokaci sai lokacin darasi. Takalmi ya kai wa ɗan'uwansa. Abin da ya sa ya haura katangarka ke nan.

Ya same shi. Babba ya kalle shi ya ce, "Auta, ka yi tsawo. Baba ya san ka zo?" Ya ce a'a. Babba ya ce, "To koma kafin ya sani." Har Auta ya juya, sai ya kira shi ya ce, "Ya jikin Mama?"

Ka san abin da yaron nan ya ce? Ya ce, "Da sauƙi."

Da wannan a cikinsa aka shigo maka da shi ofis. Na ce, "Me ya hana ka gaya wa babanka?" Ya ce, "Gwaggo, ai ya ce duk wanda ya ambaci sunan Yaya a gidan ya bi shi." Na yi kuka har ya koma shi ke ba ni haƙuri.

Wata ya kusa ƙarewa. Na gama nawa.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. 

Ina gama karanta takardarki na tafi tashar. Na ga bas ɗin, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ba kowa sai kwali a shimfiɗe. Masu wankin mota suka ce an kori masu kwana a wurin tun makon jiya, ba wanda ya san inda suka nufa. Na zagaya tashar ina kiran sunansa da ƙarfi, sunan da na hana a faɗa a gidana, mutane suna kallona.

Yau na sauka daga kujera. Na zagaya teburin na tsaya inda iyaye ke tsayawa. Ban taɓa sanin wurin yana da nisa haka da ƙofa ba. Mataimakina, yaron da na koyar tun yana aji ɗaya, ya kasa ɗaga ido. Ɗalibai suka cika taga, ban kore su ba. Na shirya jawabi a zuciyata, da na buɗe baki sai ya ɓace. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ɗana ne, ku taimaka min."  An janye dakatarwar.

Jibi ake rufe rajista, kuma sai ya zo da kansa an ɗauki hotonsa ya dangwala yatsa. Don girman Allah ki saka shi a motar safe. Na share ɗakinsa, na wanke masa kayan makaranta. Ki gaya masa ba zan tambaye shi komai ba. A'a, ki gaya masa zan tambaye shi komai, in yana so.

Ina jiran sa a tasha.

Ƙanenki.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, ya aiki.

Gwaggo ta karanta min wasiƙarka. Na gode da ka tsaya min. Ka yi haƙuri da na sa ka tsayawa a gaban mutane, ka kuma yi haƙuri da jiran da ka yi a tasha.

Na shirya, Gwaggo ta raka ni, har na shiga mota na zauna. Direba na tada inji na ji numfashina ya ƙi fita, na sauko. Ba taurin kai ba ne, Baba. Na san an rufe rajista.

Gwaggo ta ce za ka zo da kanka. Don Allah kada ka zo tukuna. Ko lokacin da take karanta min wasiƙarka, sai na tsinci kaina a tsaye, hannuna a baya. Ina so in ka zo in iya zama kusa da kai. Yanzu ba zan iya ba.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Auta.