Wa Zai Riƙe Sitiyari a Iceland?

Anti Mastura, don Allah ki ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ni haifaffiyar Jidda ce, muna zaune a unguwar Safa. Bara aka yi wa maigidana, Abdulmohsen, aikin zuciya. Na ga tashin hankali, har na fara tunanin takaba. A lokacin na koyi mota, ni nake kai shi asibiti. Yanzu alhamdulillahi likita ya ce halas, ya warke, zai iya tafiya. Tun ranar barcina ya dawo.

To tun yana kwance yake kallon hotunan Iceland a waya, tsibirin nan na can arewa mai ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta. Ya yi alkawarin in Allah ya tashe shi zai yi hayar mota ya zaga ƙasar da ni. Har mun samu biza. Sai dai ya kafe shi kaɗai zai tuƙa. Da na ce mu riƙa karɓar juna, ranar ko abinci bai ci ba. Ina tsoron ya gaji a inda babu gari kusa, ina kuma gudun ya ɗauka har yanzu kallon majinyaci nake yi masa. Ga mu ba mu san wani sanyi ba sai na kwandishan.

Maman Haifa, Safa

'Yar'uwa, barka da arziki. Babban abin ya wuce, wannan ƙarami ne.

Ki fahimce shi. Mutumin da ya yi watanni a kujerar gefe, ba motar yake so ba, ƙarfinsa yake son ya tabbatar ya dawo. Ke ma tsoronki na kan hanya.

Kada ki ƙara ambaton gajiya. Ki gyara tafiyar yadda ba za ta gajiyar ba. Ku je da bazararsu, ku bar zagaye ƙasar duka, kudancinta ya ishe ku kallo. Tuƙi kaɗan kullum, masauki a kama tun daga nan, a riƙa duba labarin iska da na duwatsun kafin a fita. Magungunansa su zauna a jakar hannu, ku nemi rigunan sanyi masu kauri. Ku tambayi malami lokutan salla, don da bazara rana ba ta cika faɗuwa ba a can.

Wurin hayar motar a rubuta sunanku ku biyu. Ranar farko ki miƙa masa makulli da hannunki. Daga baya ki gaya masa gaskiya, cewa ke ma kina sha'awar tuƙi a hanyar da ba ta asibiti ba. Ina kyautata zaton zai ba ki.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya kai ku ya dawo da ku cikin aminci.

Anti Mastura