Wata Takwas Ina Wasa Da Sunanka

Zuwa ga yayana Kabiru, wanda mutanen waya suka sani da Ɗan Daudawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Inna kullum kana bakinta. Baba shi ba ya faɗa, sai dai in an ambaci sunanka ya miƙe ya ce bari ya duba awaki.

Ka ga na yi irin buɗewar da aka koya mana a aji uku kafin in bar makaranta. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Sauran sai ka yi haƙuri, yadda nike magana haka zan rubuta.

A shafinka zan sa wasiƙar nan, Yaya, ba a nawa ba. Na san masu bin ka za su ce yau mi ya samu Ɗan Daudawa, mutum ya rubuta wa kansa wasiƙa? Su karanta. Dama ina so su ji.

Wata takwas ke nan da rasuwarka, lokacin ana karyar masara. Yanzu ga shi har an sake shuka. Duk Daudawa an sani. A cikin waya ne kawai ba a sani ba, domin kullum bayan la'asar koren ɗigon nan mai nuna kana kan layi na kunnuwa gefen sunanka, ka shiga gem, wasan nan na waya, ka yi gudu, ka yi harbi, ka sayar wa mutane zinaren wasa. To, ni ce. Ni Kulu, da kake kira Rediyo saboda surutu. Ni ce wata takwas ina wasa da sunanka, bakina a rufe.

Ban san ta ina zan fara ba, bari in fara ta shagonka.

Ka tuna shagon nan na Yankara? Talabijin biyu, benci uku, da janareto mai tari kamar tsoho. Ranar kasuwa samari su cika shi maƙil suna buga ƙwallon gem, ni kuma in kafa tiren awara a bakin ƙofa ina yi musu sharhi kyauta. Wanda aka ci uku da nema sai ya ji a bakina kafin ya ji a zuciyarsa. Kana cewa in yi shiru zan kore maka kwastoma, alhali kai ma dariya kake har kana riƙe haƙarƙari.

Sikila ta hana ka noma. Sa'o'inka na tafiya gona da garma, kai kana inuwa da bargo ko da zafi ake. Akwai ranar da na tambaye ka mi kake ji a gem ɗin nan haka. Ka ce, "Rediyo, nan ne kawai nike gudu ban gaji ba." Ban sake yi maka tsiya kansa ba.

Sai waya ta zo ta cinye shagon. Kowa ya samu tasa, ana ta wasa da mutanen da ba a taɓa gani ba, benci ya koma wurin barcin kaji. Mutane na yi maka jaje, kai kuwa ko a jikinka. Ka sayar da talabijin ɗin, ka ce kasuwar ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi. Ka gane wasan kyauta ake ba mutum, amma riga da takalmi da bindigar ɗan gem ɗinsa sai da zinare, zinaren kuma yawancin mutanenmu ba su iya sayensa da kansu ba. Sai ka zama dillali. A turo maka kuɗi, ka tura zinare. Wallahi na ga mutumin da silifas ɗinsa da ƙusa aka kama shi, amma ɗan gem ɗinsa na da riga bakwai.

Da aka kashe mana netwok gaba ɗaya, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, duk shiru, ka tattara ka koma gidan Gwaggo a Funtua don kada kwastomominka su watse. Ni aka haɗa ka da ni, wai in riƙa tuna maka magani. A can ne ka nuna mini taron.

Kai, taron nan! Wanda masu sana'ar gem ke yi a Legas duk shekara, ana haska shi kai tsaye. Muka jingina wayar da gwangwanin madara, muka ƙona datar sati guda a yini ɗaya. Turancinsu gudu yake kamar an biyo shi, ni ba abin da nike kamawa sai tafi. Kai kake fassara mini. Wannan ya ce gidajen gem sun tafi, zamanin waya ne. Waccan mai gilashin ta ce duk wasan da ke shan data da yawa ba zai yi kasuwa a ƙauye ba. Wani ya ce mutane sun fi son kallon wanda ke wasa yana magana da harshensu, nan kuɗin zai koma. Ka buga cinya ka ce, "Ji su, sai yanzu suka gano abin da muka sani a Yankara!"

Amma ba maganarsu ce ta tafi da kai ba, na lura. Katin nan ne da kowa ya rataya a wuya da igiya, sunansa a rubuce. Ka ce wata rana kai ma za ka rataya naka, ka zauna kan kujerar nan mai laushi, robar ruwa a gabanka, ka tambaye su mi ya sa har yau ba a yi wa ɗan gem hula zanna ba. Na ce in ka tafi ka taho mini da tsaraba, ko da biron da suke rabawa ne.

Ciwon ya riƙa sauka a yatsunka bayan mun dawo gida. Ranar da ya tashi ko cokali ba ka iya riƙewa. Lokacin wasa ya yi, abokan ƙungiyarka ta gem na jira, sai ka miƙo mini wayar ka ce, "Rediyo, riƙe mini, kada su ga ba na nan." In kashe makirfo, in zauna gefen katifarka, kana cewa dama, hagu, kwanta, ke kwanta mana! Da farko kashe ka ake tun ba a je ko'ina ba. A hankali na iya. Har wata rana ka bar cewa dama da hagu, ka zuba ido kana kallo, da aka gama ka ce ashe bakin ne kawai ke hana ni tunani.

Ranar da aka kai ka, gida cike da mata, wayarka ta yi ƙara ƙarƙashin filo. Bulus ne, shugaban ƙungiyarku, ɗan Jos ɗin nan da kuke zagin juna kamar kun fito ciki ɗaya. Ya rubuto, "Ɗan Daudawa, ina ka shiga, ko gudun bashi kake yi?" Na riƙe wayar zan gaya mishi. Wallahi Yaya na fara rubutawa. Sai na ga koren ɗigon nan ya kunnu gefen sunanka saboda na buɗe. Duk duniya wuri ɗaya ke nan da bai ce ka mutu ba. Na goge. Na rubuta, ina nan, makirfo ne ya lalace.

Makirfon nan wata takwas yana lalace. Bulus har cewa ya yi zai aiko maka da sabon abin kunne, in ba rowa ce ta hana ka saye ba.

Kada ka ce ban kula da kasuwarka ba. Na kula. Na ma ƙara mata. Na gano matan aure da 'yan mata na wasa sosai a ɗaka, kunya ce ke hana su saye wurin maza, sai na buɗe musu gurup nasu, wai ƙanwar Ɗan Daudawa ce ke kula da shi. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa. Na riƙa yanka bidiyon wasa ƙanana, marasa cin data, ina rubuta sharhi a ƙasa da irin bakin nan nawa na ƙofar shago. Mutane suka yi ta turawa. Har daga Maraɗi ana saye yanzu. In netwok ya yi rowa, dutsen bayan gidan Alhaji maƙwabcinmu nike hawa da hijabina, in tsaya kamar mai neman wata.

Ina jin daɗi, ba zan ɓoye maka ba. In an rubuto "Kabiru ka yi wuta yau," sai in ji kamar kana bayan labule za ka shigo ka ƙwace wayarka. Akwai saƙon murya da ka taɓa tura wa Bulus, kana dariya kana cewa ya je ya koyi harbi wurin masu farautar gafiya. Ban san sau nawa na saurare shi ba. Ina jiran wurin da kake jan numfashi kafin dariyar.

Abu biyu suka faru a satin nan, shi ya sa na kasa ci gaba.

Na farko Inna. Muna tsakar gida tana tankaɗe, wayarka ta yi ƙarar shiga wasa. Ita a tunaninta kasuwar kawai na gada da sunana. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mutanen Yankara sun zo gaisuwa, na Sabuwa sun zo, har mai gyaran janareto ya zo daga Ƙanƙara. Waɗannan na cikin waya da yake yini yana dariya da su, ko Allah ya jiƙansa ba su aiko ba. Ashe dai ba mutanen kirki ba ne." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Yaya, na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Wata takwas tana riƙe da su a rai, su kuwa ba su san komai ba. Mutanen da suka fi kowa jin muryarka, ni na hana su yi maka addu'a. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni a ganina riƙe maka wuri nike, kamar yadda ka ce.

Na biyu, shekaranjiya Bulus ya turo hoto. Masu taron Legas na neman wanda zai yi bayanin yadda ake kasuwar gem a inda netwok ke zuwa yana tafiya, shi kuma ya ba da sunanka, ya nuna musu bidiyoyin nan da gurup ɗin mata. Sun yarda. Hoton na katin wuya ne, da shuɗiyar igiya. Kabiru Ɗan Daudawa, an rubuta da manyan baƙaƙe. A ƙasa Bulus ya ce, "Mutumina, yanzu dai dole in ga mummunar fuskar nan taka. Zan riga ka isa Legas in tarbe ka a tasha."

Na shiga ɗakinka na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki kai ka sani.

Katinka ya fito, Yaya. Ka ji? Ya fito. Na yi ta faɗa a ɗakin kamar mahaukaciya. Kuma ba wuyan da za a rataya shi.

Zan iya cewa ba ka da lafiya, ba za ka samu zuwa ba. Har na shirya yadda zan tsara ƙaryar. Sai na hango Bulus tsaye a tasha yana leƙa kowace mota, na kuma tuna lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti ya rubuto maka doguwar magana irin wadda namiji ba ya gaya wa kowa sai amininsa. Ni na karanta. Ni na amsa mishi da sunanka. Wannan ko ya yafe mini ko bai yafe ba, yana da gaskiya.

Na san abin da zai biyo baya. Wasu kwastomomi za su ce an yaudare su, su tafi. Masu taron ƙila su soke, su ce ba da wata Kulu mai aji uku suka yi magana ba. Ƙila kuma su ce in zo, to nan sai a fara wani yaƙin da Baba, Legas ba Funtua ba ce. Duk wannan ban sa shi a rai ba. Abu ɗaya nike roƙo in an ga dama: ko an soke, a ba Bulus katin ya aiko mana. Inna ba ta karatun boko, amma ta san yadda sunanka yake a rubuce. Zan rataya mata shi a ƙusar da carbinka yake.

Abin da ke ci na ba shi ne kasuwar ba. Ɗigon nan ne. Na san daga yau in na fita daga sunanka zai koma toka-toka, a rubuta ranar da aka gan ka ta ƙarshe, kuma ba zai sake canzawa ba. Kamar yau ne za a kai ka, ni kaɗai na makara.

Ka ce in riƙe maka kada su ga ba ka nan. Na riƙe iya ƙarfina, Yaya. Amma ba ka nan, kuma suna da haƙƙin su sani. Ka yafe mini in na saki.

Yau bayan la'asar zan shiga kamar kullum. In ƙungiya ta taru zan kunna makirfo, in yi musu sallama da muryata. Ka san ni, ban taɓa rasa abin faɗa ba, amma tun jiya nike gwadawa a bakin rijiya, daga sallamar ba na iya wucewa. In sun yarda, zan kai wa Inna wayar a tsakar gida, su gaishe ta da bakinsu, ta ji cewa abokanka mutanen kirki ne. Daga nan in fita.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Kabiru. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya ba ka jikin da ba ya ciwo da ƙafar da ba ta gajiya. Ya ba Inna da Baba haƙuri. Ya sa duk wanda ya karanta wannan, ya san ka ko bai san ka ba, ya ce amin, ko da ta zo a makare.

Taka har kullum,
ƙanwarka Kulu,
Rediyonka.