Rassa Uku a Tukunya

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa daga Guangzhou. Ya jikin Inna, ya yara, ya kasuwa?

Zaman jiran biza ya ishe ni, sai na shiga ajin koyon jera furanni irin na Japan. Na cika tukunyata maƙil, yadda muke cika wa baƙo kwano. Malamar ta sa almakashi ta yi ta datsewa, ta bar rassa uku. Wai sai an rage cunkoso ido yake ganin kyau.

Jiya aka ƙi sabunta min bizar, wai saboda baƙin wasannin Olamfik suna tafe. Shekara shida ina sarin kaya a nan unguwar Xiaobei, Yaya, ashe mu ne cunkoson.

Ki gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, har yanzu ban huce ba.

Ƙanwarki,
Hadiza