Sha-kauci a Kwalin Takalmi

Litinin, 9 Maris 1981
Kyanwar maigadi ta kama tsuntsu a barandarmu, nan unguwar Ma'adi. Na ƙwace shi. Bai fi babban yatsana ba, baki kamar lanƙwasasshiyar allura. Fiffiken hagu ya saki. Gwaggo Indo, da ta zo daga gida a yi mata aikin ido, ta shafa shi ta ce sha-kauci ne. Yana cikin kwalin takalmi.

Talata, 10 Maris
Makon jiya na fassara wa rediyo rahoton wata mujalla kan ɗan tsuntsun dazuzzukan Amurka ta Kudu, mai tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan fure. Ba dangi ba ne, amma cimarsu ɗaya. Na haɗa wa namu sukari kashi ɗaya, ruwa kashi huɗu. Ya sha.

Laraba, 11 Maris
Na kasa zama a ofis. Sau biyu ina dawowa gida.

Alhamis, 12 Maris
Yana sha, yana ramewa. Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa rayuwa da zaƙi zalla? A gida cikin saƙar gizo muke ganinsu suna tsince-tsince." Na ce rahoton bai faɗa ba. Ta ce, "Rahoton naka ko kaza ya taɓa kiwo?"

Juma'a, 13 Maris
Bayan masallaci na zaga shagunan littattafan unguwar Darrasa. Fiƙihu, nahawu, babu tsuntsu. Sha-kaucin ya daina buɗe ido.

Asabar, 14 Maris
Na hau kujera a ƙarƙashin bene da tsintsiya. Maigadi ya tsaya kallona, ya tambaya da Larabcinsa: "Ma'alish ya ustaz, lafiya?" Na samo ƙananan gizo-gizo shida. Na murtsuke su cikin ruwan sukarin, Gwaggo na ba da umarni, ido a naɗe.

Lahadi, 15 Maris
Na ɗauko mujallar. Maganar ƙwari tana nan, a sakin layi na ƙarshe: in babu su, tsuntsun ba ya daɗewa. Ni na yanke shi don shirin ya shiga minti biyar. Daga ƙasa ake yanka, haka aka koya mana. Ko karanta shi ban yi ba.

Alhamis, 19 Maris
Da hantsi ya tashi, a karkace, ya faɗa lambun maƙwabta. Ban faɗa wa Gwaggo batun mujallar ba.
An ba ni rahoto kan raƙuma. Na karanta mata shi har ƙasa kafin in taɓa almakashi. Ta gyara wuri biyu. Ban musa ba. Lokaci ne ya ƙure mini, da na musa.